Wutar Kaka da Lambar Isiyaku

'Yata Rukaya tana yi mini dariya, kuma ban ga laifinta ba. Mace mai shekara talatin da takwas, mai teburin kayan yaji a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ta ɓoye waya a bayan buhun citta tana karanta labarin 'yan matan da ke hawan dodanni masu fikafikai, suna yaƙi suna soyayya a sararin sama. Turancina na makaranta ne da ya daɗe a ajiye, sai na bi layi da yatsa, wani lokaci in karanta shafi sau biyu kafin in gane wa ya mari wa. Duk da haka na gama littafi shida, ina cikin na bakwai. Ranar nan wata mata ta nemi kanumfari har sau uku ban ji ta ba, sai da maƙwabciyata mai daddawa ta zungure ni. Rukaya ta ɗauka sumbace-sumbacen ne ke riƙe ni, na bar ta da zatonta. Ba ta san tun ban kai rabin shekarunta ba na san dodon nan, a bakin murhun kakata na fara jin labarinsa.

A unguwar Moshi Zango na tashi, a gida mai ɗaki goma sha ɗaya da tsakar gida ɗaya. Kaka Adiza ita ta haifi mahaifiyata. Waace take sayarwa, waken nan da shinkafa da ake dafawa da karan dafi har ya yi ja, kuma murhunta na can kusurwar gida ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano da tsatsa ta gama ci. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne wutarta ba ta mutuwa. In ta gama aikin yini sai ta tattara garwashin wuri guda, ta lulluɓe shi da toka, ta kifa tsohuwar tasa a kai. Da asuba ta yaye tokar ta hura, wuta ta tashi. Duk gidan babu wanda zai ce ya taɓa ganin ashana a hannunta.

Saboda haka duk matar da kurfotinta, murhun gawayi, ya mutu, wajen Kaka take zuwa da murfin gwangwani. Wadda ta fi kowa zuwa ita ce Mma Tene, 'yar ƙabilar Moshi mai sayar da koko, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Mma Adiza, wuta na ya mutu kuma o," haka take cewa tun daga ƙofar ɗakinta.

"Ke Tene, da wuta ɗiya ce da tuni an kai ƙararki wajen sarkin Zango," in ji Kaka. Tana mita tana ɗebo mata garwashi biyu da hannunta, ko cokali ba ta nema, don tafinta ya daɗe da daina jin zafi.

Tatsuniyar Kaka ba kyauta ba ce. Bayan sallar magariba, kafin a kira isha'i, za ta jera mu a bakin murhu, mu jikokinta da 'ya'yan 'yan haya, ta miƙa wa kowa faranti da waken gobe. Mu tsince tsakuwa, ita ta ba da labari. Hannun wani ya tsaya, bakin Kaka ya tsaya, har sai an gano mai laifi an harare shi. Ƙamshin karan dafi na tashi daga tukunya, hasken wuta na wasa a kumatunta, daga can titi ana jin yaran motocin haya, tirotiro, suna kiran fasinjan Kejetia na ƙarshe. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata can tana tafe, ƙafarta duk ƙura." Mu kuma mu ce, "Ta ƙaraso, akwai tabarma." Ina son waɗannan maraice, har yau babu abin da na samu da ya kai su daɗi.

Tana da labarai da yawa, amma na Mai-Garwashi shi ne nawa. Wai a wani gari aka yi ruwa kwana uku babu tsayawa, har duk murhun garin ya mutu. Aka ba wata yarinya mai suna Kande tsingaron tukunya aka ce ta je ɗiban wuta. Ta shiga gida ta fita gida, kowa toka mai sanyi yake nuna mata. Can ta hango hayaƙi a kan dutsen bayan gari, ta ɗauka masu ƙona gawayi ne, ta kama hanya. Da ta isa sai ta tarar ba mutane ba ne, wani dodo ne kwance a bakin kogo, hayaƙin daga hancinsa yake fita.

"Girmansa fa?" Kullum sai wani ya tambaya.

"In ya sa kai a ƙofar gidan nan, wutsiyarsa na can unguwar Oforikrom," in ji Kaka. "Fikafikansa kuwa, kun ga tamfol ɗin motar tumatir? To, wannan hankicinsa ne. Ku tsince wake."

Kande ba ta gudu ba, don an aike ta kuma ta san halin uwarta. Ta durƙusa ta ce, "Salamu alaikum, na zo ɗiban wuta." Dodon ya buɗe ido ɗaya. Shekara da shekaru maza na zuwa masa da masu da kibau, ba a taɓa samun wanda ya yi masa sallama ba. Ya amsa mata, amma ba da baki ba. A nan Kaka takan dafa ƙirjinta ta ce, "A nan ta ji shi, kamar yadda kike jin yunwarki ba tare da kowa ya gaya miki ba." Ya yi tari kaɗan, garwashi ɗaya ya faɗo cikin tsingaron. Sannan ya kwantar da wuyansa ya ce ta hau ya kai ta gida, kada wutar ta mutu a hanya.

Daga ranar kullum sai ya zo ya ɗauke ta. Ta ga inda koguna ke haɗuwa, ta ga bayan gajimare, ta ga garinsu ya koma kamar faifai. In sun sauka a kan dutse ya naɗe fikafikansa, sai ga saurayi zaune, dogo, baƙi, mai wushirya. A littattafan da nake karantawa yanzu dodon daban, saurayin daban, wani mai ɗaure fuska da tabo a gira wanda sai an kai shafi ɗari uku yake yin murmushi. Kaka ba ta da almubazzaranci, ta haɗa mata su biyun a jiki ɗaya.

To, sai yaƙi ya tashi a ƙasar danginsa, bayan dutse na bakwai, aka aiko ya zo. Kafin ya tafi ya sake yi mata tari a murhunta ya ce, "Daga sama duk rufin ɗaki iri ɗaya ne, duk mace da kallabi iri ɗaya ce. Wutata kaɗai nake ganewa. Ki riƙe ta, zan dawo." Kande ta riƙe. Shekara bakwai tana binne garwashi da toka tana tonewa. Masu neman aure suka zo suka gaji suka tafi. Duk garin daga murhunta ake ɗiban wuta. Ran nan da damina rufin ɗakinta ya yi ɗan yoyo, daidai kan murhu, ɗigo bayan ɗigo, tana barci. Ta tashi ta tarar da toka jiƙe.

Ta yi kuka, sannan ta yi dabara. Ta ce ai wutar maƙwabciyarta daga nata murhun aka ɗebe ta jiya jiya, ashe ke nan wuta ɗaya ce. Ta je ta ɗebo ta hura, ta kama ci, ja wur, babu mai iya bambanta ta da ta da. Ba a yi wata guda ba sai inuwa ta rufe garin da rana tsaka. Kande ta fito da gudu tana ɗaga kallabi tana kiran sunansa. Ya zagaya garin sau ɗaya, ya zagaya sau biyu, ya zagaya sau uku, yana duban murhu ɗari suna hayaƙi. Bai ga tasa ba. Ya juya ya nufi gabas, kuma ba a sake ganinsa ba.

"Ta tafi ta bar mu da toka," haka Kaka ke rufewa, ta miƙa hannu a ba ta farantai.

Ni kuwa raina ɓaci yake yi, ɓaci na gaske, har da hawaye. Na tuna ranar da na ture farantina na ce, "Kaka, wallahi wannan zalunci ne. Ai wutarsa ce, zagayowa ta yi. Ki gyara ƙarshen."

"Ni tela ce da zan rage miki tsawo?" Ta dube ni ta gefen ido. "Ƙawata, wutar aro tana dafa tuwo, amma ba ta kiran kowa. Kwashe waken da kika zubar."

"To me ya hana shi saukowa ya tambaya?"

"Je ki tambaye shi."

Sau nawa na roƙe ta, ba ta taɓa canza ko kalma ɗaya ba. Gizo takan bar shi ya tsira yau, gobe ta sa a kama shi, yadda ta ga dama. Amma Kande kullum tana nan tsaye a tsakar gida da kallabi a hannu.

Ina da shekara goma sha ɗaya na ga abin da bai kamata in gani ba. An kwana ana ruwa, na fito da asuba zan ɗebi na alwala a randa, sai na hango Kaka tsugune a ƙarƙashin rumfarta. Iska ta ɗage kwano ɗaya, ruwa ya shiga murhun, tasar da take kifawa tana gefe. Ta waiga dama ta waiga hagu, ta kwance haɓar zanenta, sai ga kwalin ashana. Ta ƙyasta ɗaya, iska ta kashe. Ta ƙyasta ta biyu, ta mutu. Ta ciro ta uku. Ban san lokacin da na ƙarasa na tsuguna na kare mata iska da tafukana ba. Ta uku ta kama.

Ba ta gode mini ba. Ta mayar da kwalin ta ƙulle, kuma daga yadda gefensa ya goge na gane ba ranar ya fara aiki ba. Ta dube ni ta ce, "Ba ki ga komai ba." Na ce to. Da hantsi Mma Tene ta zo da murfin gwangwaninta tana cewa, "Wuta na Mma Adiza dai ko ruwa ba ya iya shi," Kaka ta ɗebo mata tana mitar da ta saba.

Sai bayan rasuwar Kaka mahaifiyata ta gaya mini sauran. Kakanmu fataken goro ne, asalinsa daga arewa, ba ɗan ƙasar nan ba ne. A shekarar da aka ce baƙi su bar ƙasa ya tafi, ya ce zai je ya nemi wurin zama ya dawo ya kwashe su. Lokacin Kaka na jegon mahaifiyata, kwana goma sha biyu. Da asubar da zai kama hanya, shi da kansa ya tsuguna ya hura mata wutar ruwan wankan jego, abin da ba a saba ganin namiji ya yi ba, matan gida har suna leƙe suna dariya. Wannan wutar ce Kaka ta ce ba za ta mutu ba. Ko wasiƙa ɗaya ba ta zo ba, kuma ba ta yarda ta tashi daga gidan ba har aka fitar da ita a makara.

Da na ji, na yi mata kuka, amma a raina na ce ni ba zan yi irin wannan wautar ba. Ina da aure lokacin, ina da Rukaya a hannu, mijina Isiyaku yana gyaran babur, kullum yana dawowa gida da baƙin mai a farce. Me zai haɗa ni da Kande? Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Rukaya na da shekara takwas Isiyaku ya bi hanyar hamada zuwa ƙasar Turawa. Abokansa biyu sun riga shi, suna aiko hotuna cikin rigunan sanyi, aikin babur kuma ya ja baya. Ban hana shi ba, kada in yi wa kaina ƙarya, har kilishi na saya masa na guzuri. Wata biyar yana kira jefi-jefi, kullum da lambar wani. Kira na ƙarshe ranar wata Talata ne bayan la'asar, ina daka yaji. Ya ce sun iso bakin teku, gobe ko jibi za su hau jirgin ruwa. An ƙwace wayarsa a hanya, takardar da ya rubuta lambobi ma ta ɓace.

"Memuna, kar ki canza lambar nan fa," ya ce. "Ita kaɗai na haddace. Ko shekara nawa ne, a nan zan same ki."

Na ce, "Ina zan kai ta? Allah ya tsare." Layin ya yanke kafin ya amsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Kada kowa ya gaya mini, na sani. Na san mutumin da ke raye ya san hanyar Moshi Zango, ya san sunan limaminmu, zai iya tare kowane ɗan Kumasi a can ya ba shi saƙo. 'Yan'uwansa sun faɗa mini, malamai sun faɗa mini, sun ce shari'a ta ba ni hanyar raba auren tun da daɗewa in ina so. Amma na kuma ji labarin waɗanda aka kulle shekaru a wani wuri babu mai jin ɗuriyarsu, rana ɗaya suka kira. Mutum ɗaya cikin nawa, ban tambaya ba. Na riƙe 'yar ƙaramar wayar nan mai madannai, na ɗaure bayanta da roba, ban taɓa bari cajinta ya ƙare ba. In an ɗauke wuta, har shagon mai janareta nake kai ta in zauna a gefenta. Da ita nake shiga banɗaki, da ita nake sallah, tana gefen darduma.

Sai aka zo da maganar kowa ya sake rajistar layinsa da katin ɗan ƙasa, wanda bai yi ba a yanke. Ban damu ba, ina da katina. Na bi layi tun safe har azahar, na isa gaban wata yarinya mai fara'a, ta danna lambar, ta dube ni.

"Madam, cip ɗin nan ba sunanki ba ne. Isiyaku ne."

Na manta shaf. Shi ya saya mini tun muna neman aure, lokacin ba ni da kati ko ɗaya, ya rubuta sunansa. Rabin matan Zango haka layinsu yake, da sunan miji ko wa ko ɗan maƙwabta, ba mu taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

"Sai ya zo da kansa ya ɗora yatsa," in ji ta.

Na ce ya yi tafiya. Ta ce yaushe zai dawo? Na miƙa hannu zan ɗauki katina. Yarinyar nan Allah ya yi mata albarka, ta gane. Ta rage murya ta ba ni haƙuri, ta ce, "Kafra, Mma. In ya rasu ne, ki kawo takardar rasuwa da ta aurenku, sai a juya layin ya koma sunanki. Lambar ba za ta canza ba ko kaɗan."

Na fito na tsaya a rana, na rasa inda zan sa ƙafa. Wan Isiyaku, Yaya Seidu, da ya ji, ya ce abu mai sauƙi. Zai je ya yi rantsuwa, a rubuta takarda, a wuce wurin.

"Takarda ce kawai, Memuna. Ba ita ke kashe mutum ba. Kina son layin ko ba kya so?"

Ina so. Gaskiyarsa ce kuma, na sani. Amma in riƙe lambar da zai kira ni da ita, sai na sa hannu cewa ba zai taɓa kira ba. Sau biyu ina shiryawa in yafa mayafi, in kai bakin titi, in dawo. Na ce gobe. Aka ƙara wa'adi, na ce ka gani, Allah ne. Aka sake ƙarawa, na sake cewa gobe. Na yi ta jan ƙafa har ranar da na duba wayar da safe na ga sandunan nan na sama masu nuna sabis sun ɓace. Na kashe na kunna, na cire cip na goge da bakin zane na mayar. Babu yoyon rufi da zan ɗora wa laifi, ni na yi da hannuna.

Bayan wasu watanni na kira lambar da sabuwar wayata, don kawai in ji muryar matar kamfanin nan ta ce ba ta aiki. Sai ta shiga. Na ƙara manna wayar a kunne. Wani namiji ya ɗauka da yaren Tuwi, ana ta hon a bayansa. Direban tirotiro ne a Oforikrom, sabon layi ya saya aka ba shi lambata. Na yi masa bayani da Tuwina na kasuwa, na roƙe shi in wani ya kira daga waje yana neman Memuna, ya ba shi wannan lambar. Ya ce, "Yoo, na ji." Mutumin kirki ne. Duk Juma'a nakan kira in tambaya, ya ce babu kowa. A Juma'a ta tara ya ce, "Madam, don Allah ki daina kira. Matata ta fara tambaya." Na ba shi haƙuri, ban sake kira ba.

A wannan lokacin ne Rukaya ta sa mini littafin farko a waya. Ta ga na daina magana, in na dawo kasuwa sai in zauna ina kallon bango. Ta ce, "Mma, karanta wannan, akwai diragon a ciki, zai ɗauke miki hankali." Na ce ni da girmana? Na buɗe don kada ta ji haushi. Ban kai shafi ashirin ba na ga yarinya tsaye gaban dodo mai hayaƙi a hanci, kowa ya gudu ita ba ta gudu ba, ya yi mata magana a cikin ƙirjinta. Na ajiye wayar na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke layin.

Na ji masu ilimi na cewa mata na son littattafan nan ne don an zaɓi yarinya cikin dubu, ko don saurayin mai ɗaure fuska. Wataƙila haka ne ga su Rukaya, kuma ba laifi, wa ya ƙi a zaɓe shi? Ni abin da ke riƙe ni daban ne. A duniyar nan tasu babu lambar da za a haddace, babu caji, babu wanda zai ce a zo a ɗora yatsa. Tana Kumasi yana bayan dutse na bakwai, ta kira shi a zuci ya amsa. Amma ko wannan ba shi ne ya fi ci mini rai ba. In aka kashe dodon a wajen yaƙi, a daidai wannan lokacin mahayiyarsa take sani. Ta faɗi ƙasa tana ihu, wasu ma su bi shi nan take. Marubutan suna kawo wurin a matsayin abin tausayi mafi girma, Rukaya ta ce ta yi kuka a wurin. Ni hassada na ji. Wallahi hassada, har na ji kunyar kaina. Ta sani, a ranar, a sa'ar. Za a yi mata gaisuwa, ta yi takaba, ta fita. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, ni shekara goma sha ɗaya nake cikinsa.

Kuma a ƙarshe, komai daɗewa, a littattafan nan yana saukowa. Ko wutar ta mutu, ko an rushe garin, sai ya sauko ya bi gida gida yana tambaya. Ƙarshen da na roƙi Kaka ta ƙi ba ni, ga wasu matan Turawa da ban sani ba suna ba ni shi, littafi bayan littafi. Na san ƙarya ce. Ina rufe ɗaya in ce wa Rukaya ta sa mini wani.

Da ina yarinya na ɗauka darasin Kande shi ne a kula da amana, kada a yi barci rufi na yoyo. Da na ji tarihin Kaka na ɗauka gargaɗi take yi mana, kada mu ƙare rayuwa a bakin murhu saboda maganar namiji. Yanzu ban yarda da ko ɗaya ba. Matar da ke da kwalin ashana a haɓar zane ta fi kowa sanin wutar mijinta ta mutu tun mahaifiyata na rarrafe. Ta san ko ya zo ya zagaya ba zai ga komai ba. Ina jin ba koya mana wani abu take yi ba, faɗa wa kanta gaskiya take yi, a gaban yaran da ba za su gane ba, sannan da asuba ta tashi ta hura wutar. Shi ya sa ba ta iya gyara ƙarshen ba. Na yi mata rashin kunya a kan abin da ya fi ƙarfinta, kuma ba ta nan balle in ce ta yafe mini.

Tsohuwar wayar tana nan a kusurwar ɗakina, bayan akwati, inda na ɗauka babu mai dubawa. Cip ɗin da ke ciki ya mutu, lambar na aljihun wani direba a Oforikrom. Duk da haka kwana uku uku nake sa ta a caji. Makon jiya bayan magariba ina tsugune ina fama da ita, don bakin cajar ya saki, sai an riƙe yake kamawa. Na ji motsi, na waiga, Rukaya ce tsaye da bokiti a hannu.

"Mma, wannan ai ba ta da layi."

Na buɗe baki in ce hotuna nake dubawa, wayar da ko kyamara ba ta da ita. Abin da ya fito shi ne, "Ba ki ga komai ba."

Na so ta yi mini tsawa. Na so ta ce Mma ya isa haka, ta fizge wayar ta jefa a kwata, ita da ta yi makaranta, ita da ke cewa ba za ta jira kowa ba. Sai ta ajiye bokitin, ta tsuguna kusa da ni, ta cire robar da ta ɗaure gashinta, ta naɗe bakin cajar da ita sau uku har ya zauna daram. 'Yar fitilar ta kama, ja. Ta ce, "Haka zai riƙe," ta ɗauki bokitinta ta fita.